Asabar, ranar da na je sayen sifiku na hannu

Yau dai Allah ya yi na je ganin sifikun nan da na yi wata biyu ina leƙen hotonsu a waya. Tun jiya da daddare na zuba kayan gwaji a jaka, ƙaramin amfi ɗina (na'urar da ke ba sifika ƙarfin sauti), wayoyi, batir ɗaya mai 1.5V, mitar gwada kayan lantarki, da waƙoƙi huɗu da na san su kamar yunwar cikina, don in ka je da waƙar da baka sani ba komai aka kunna maka daɗi zai yi maka.

Mai kayan dattijo ne, yace ƙaramin gida zai koma shi yasa yake rage tarkace. Kala uku ya jera min a kan tebur, KEF Q150, Wharfedale Diamond 9.1, sai wasu tsofaffi masu akwatin katako da sun ɗan fi sauran girma, su bazan kama sunan kamfaninsu ba tunda abin da ya same su shekaru ne kawai. Su ya fara kunnawa kuma wallahi nan take zuciyata ta tafi, sautin ya cika ɗakin, ganga na dukan ƙirji, da muka sauya zuwa Wharfedale sai naji kamar an rufa mata bargo. Har na fara lissafin inda zan ajiye su. Sai na juya bayan akwatin naga an rubuta 90 dB, wato ma'aunin ƙarar da sifika ke fitarwa in an ba su wuta iri ɗaya, alhali sauran biyun kowacce 86 dB ce. Ashe ƙara ce kawai ta ruɗe ni. Duk ƙarin 3 dB sai amfi ya ninka wutar da yake bayarwa, to tazarar 4 dB ba wasa bace, kuma kunne haka yake, wadda ta fi ƙara ita yake ɗauka ta fi kyau. Na buɗe manhajar auna ƙara a waya, na daidaita su duka a mataki ɗaya, sai ga tsofaffin nan sun dawo daidai da kowa, muryar mawaƙiyar ma kamar tana mura.

Nace "Baba ko zan iya cire murfin gaban?" Yace "cire mana ɗana, ai kuɗinka zaka bayar." Ina cirewa naga soson da ya zagaye wufa, wato babban faifan da ke fitar da sauti mai kauri, ya fara ruɓewa, na ɗan taɓa gefen da yatsa ya marmashe ya manne min a hannu. Soso dama haka yake, in ya kwana biyu sai ya mutu, roba ce ke jure shekaru. Wannan ana iya canzawa, abin da ya kashe min jiki shi ne dana ɗora yatsu a hankali kewaye da tsakiyar wufa ta hagu na tura ciki sai naji ƙarrr, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin wufa, na gogar maganaɗisu. Baba yayi shiru, sannan yace shi kam kunnensa ya daina jin irin wannan. Na yarda da shi, ba ha'inci a fuskarsa. Muka ture su gefe.

Sauran biyun na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mita ta nuna ta hagu da ta dama sun yi daidai a kowane kala, lambar bata dame ni ba, daidaiton nake nema. Batir na taɓa wa kowacce, wufa ta turo waje, wato ba wanda ya taɓa buɗewa ya juya waya. Twita kuwa, wato ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, mita bata ganinta saboda wani ɗan kayan lantarki da ake kira kafasita ya tare hanya, dole ka kara kunne, na kara, duk huɗun suna tsit tsit ɗinsu lafiya. Lambobin ƙira da ke bayansu ma a jere suke, ba haɗe-haɗe aka yi ba.

To nan fa aiki ya fara, na fi awa ɗaya ina cire waya ina mayarwa har Baba ya gaji ya jawo kujera. KEF ɗin ta 2017 ce, twitarta a tsakiyar wufa take zaune, abin da suke kira Uni-Q, kuma gaskiya in ka rufe ido muryar a tsakiya take tsaye cak kamar mutum na gabanka, ko ka matsa gefe bata watsewa. Wharfedale ta girme ta da sama da shekara 10, wufarta ta Kevlar ce (wani zare mai ƙarfi) inci 5, sautinta ya fi taushi, bata nuna maka kowane ƙyas na igiyar jita amma zaka yini kana ji kai bai yi maka ciwo ba. Da a tsakar ɗakin Baba zan zauna da su, KEF zan ɗauka ba musu.

Amma ni kanta gare ni, kantar littattafai da ke manne da bango, tsakanin bayan sifika da bangon da ƙyar tafin hannu zai shiga. Nace Baba don Allah mu tura teburin jikin bango. Muka tura. KEF hujin iskarta a baya yake, tana matsawa bango bes ɗin, wato sautin mai kauri, ya kumbura ya zama buu buu, ya danne muryar da nake yabo ɗazu. Sabuwarta tana zuwa da soson toshe hujin, Baba ya duba kwali bai gani ba, na cusa safa (wankakkiya ce, ya rantse) bes ya lafa amma sautin ya rame. Wharfedale hujinta biyu a gaba suke, ta ɗan yi kauri ita ma amma bata fita hayyacinta ba. Na sake maimaita waƙar nan mai ganga sau uku don kar ace son raina ne.

Wharfedale na ɗauko. Akwai ƙujewa a kusurwar ta dama, murfi ɗaya kuma ƙafarsa ta karye, duk na gani na yarda. A hanya sai da raina ya riƙa komawa kan muryar nan ta KEF, har yanzu ma bata bar ni ba.

Yanzu dare yayi, na kwashe littattafai na jera su a kanta, twita daidai kunnena in ina zaune, na sa ƙananan roba a ƙarƙashi don katakon ya daina rawa. Wayar ta hagu ta gaza da kamar taku biyu, dole na jawo amfi ya zauna a kan kujera zuwa gobe.