Wankin ƙoda: tsakanin tashin wani da zaman wani

A ɗakunan wankin ƙoda na Abuja, inji ɗaya kan ɗauki mutum biyu ko uku a rana, kowa kusan awa 4. Ba a cikin awannin nan cuta ta fi samun ƙofa ba, sai a ɗan lokacin da wani ya tashi wani na jiran kujera, 'yan uwansa na leƙe ta bakin ƙofa.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, ko da ido bai ganin jinin. Don haka kada nas ta fara shara mara lafiya na zaune. Ya tashi tukuna, a kwashe robobin jini da matatar zuwa kwandon shara mai haɗari, allurai su shiga akwatinsu, a zubar da ruwan bokitin da aka wanke layi, wato robobin jinin, a ciki. Sannan a cire safar hannu, a wanke hannu, a sa sabuwa.

Wajen haɗa ruwan gogewa ne ake yawan kuskure. Hypo ko Jik mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, ma'auni 1 da ruwa ma'auni 6 ke ba da kashi 0.5, na wurin da jini ya zuba. A tsane jinin, a zuba, a bar shi minti 10. A haɗa sabo kullum, a rufe, domin zafi da rana suna kashe masa ƙarfi. Na jiya ba a dogara da ƙarfinsa.

A goge fuskar inji da maɓallansa, hannun kujera, igiyar awon jini da matsen roba, wurin ya jiƙe sosai ya bushe da kansa. Tsumma ɗaya ba ya zagaya inji biyu. Ƙaramar matatar da ke kare ma'aunin matsin jini na cikin inji kuwa, in ta jiƙe a canza ta nan take, in jini ya ratsa ta a kira injiniya ya duba ciki kafin wani ya hau.

Hefarin, maganin hana jini daskarewa, a ja shi a ɗaki mai tsabta, ba a gefen inji ba, kuma sirinjin da ya taɓa layin wani ba ya komawa kwalba. Tsadar kaya ba hujja ba ce a nan.

Mai ciwon hanta B ɗakinsa daban, injinsa daban, nas ɗin da ke kansa ba ta taɓa marasa rigakafi a wannan zagayen.

Masu katita, wato robar da ake sawa cikin jijiya a wuya ko a cinya, su ne suka fi shiga haɗarin shigar ƙwayar cuta cikin jini. Nas da mara lafiya duka su sa takunkumi, a murza bakin katitar da sipirit mai kashi 70 na daƙiƙa 15, a bari ya bushe kafin a haɗa. Lokacin hunturu ƙura na sa filasta ta saki da wuri, a duba ta a kowane zuwa.