Garkuwar da ba ta taɓa ƙasa ba

Gwaggo ta kira ni bayan sallar asuba, murya a sanyaye. "Ɗan nan, zo ka duba min, mukayyif ya mutu, firij ma ya yi shiru." A daren an yi ruwa da tsawa a Makka, irin wadda walƙiya ke sauka a kan hasumiyar agogon Harami, yara na ɗauka a waya. Firij ɗin ne ya ɗaga min hankali, don a ciki take ajiye allurar ciwon sukarinta, kuma zafin garin nan ba ya jiran kowa. Kafin in ɗauko jakar aiki na ce ta aika da allurar gidan maƙwabta.

Gidan haya ne tsoho a bayan Shara Mansur. Ina kwance murfin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙauri ya bugi hancina. A kan allon da ke tuƙa injin akwai wani ɗan abu shuɗi, faɗinsa bai wuce na kwabo ba. Ya tsage gida biyu, baƙin hayaƙi ya zana da'ira kewaye da shi. Shi ne ɗan mai gadin da masana'anta ke sakawa, ya yi iya ƙoƙarinsa, abin ya fi ƙarfinsa, ya wuce ya cinye sauran allon.

Gwaggo na tsaye a kaina ta ce, "To ai gati'in bai faɗi ba." Na ce, "Gwaggo, ba zai faɗi ba, wannan ba aikinsa ba ne." Kusan duk gidan da na shiga sai na maimaita wannan magana. Gati'i, wato makunnin da ke yanke wutar gida da kansa, yana kallon yawan wutar da ake ja ne, ya yanke kafin waya ta yi zafi ta kama. Bugun tsawa kuwa yakan zo ya wuce cikin 'yan kashi kaɗan daga miliyan na daƙiƙa, ya ɗaga layi zuwa dubban volt. Kafin gati'i ya motsa an gama ɓarna. Kuma ba sai aradu ta faɗa kan gidanka ba. Ta sauka kusa da layi ma ya isa, haka dawowar wuta bayan an ɗauke, ko tashi da tsayawar manyan injina, suna jefo nasu ƙananan bugun da ke cin kayan wuta a hankali.

Abin da ya ɓata min rai yana cikin tablon, wato akwatin da ke rarraba wutar gidan. Da na buɗe sai ga na'urar SPD mai kare kayan wuta daga irin wannan bugu, wadda nake ce wa garkuwa, a zaune sabuwa fil. Ashe mai gidan ya biya an saka. Amma wanda ya yi aikin ya bar wayoyinta sun kai mita ɗaya da rabi, ya naɗe rarar kamar gammo ya cusa a kusurwa. Wayar ƙasa mai kore da ruwan ɗorawa kuwa, na bi ta da hannu har inda ta ƙare: an ɗaure ta a jikin ƙarfen akwatin, akwatin kuma ba a haɗa shi da komai ba. Garkuwa ba ta haɗiye bugu, hanya take buɗe masa ya zube ƙasa. In babu hanyar, ado ce kawai.

Wannan ba ra'ayina ba ne, a rubuce yake. Kundin gine-gine na Saudiyya yana da sashen lantarki, SBC 401, wanda aka ɗora a kan ƙa'idar duniya ta IEC 60364. A wannan ƙa'ida, sashe na 443 ke faɗin inda ake buƙatar kariya, musamman inda ran mutum ko hidimar jama'a ke cikin haɗari. Sashe na 534 kuma ke faɗin yadda za a zaɓa a ɗaura, kuma a nan aka ce jimillar tsawon wayoyin garkuwa kada ta wuce rabin mita. Dalilin lissafi ne: a lokacin bugu mai ƙarfi, kowace mita ta waya na iya ƙara kusan volt 1,000 a kan abin da zai isa ga kayanka. Garkuwar tablon takan rage bugu zuwa wajen volt 1,500, kayan gida kuma an gina su su jure kimanin 2,500. Ɗora mita ɗaya da rabi a kai, ka ga an riga an tsallake iyaka ko da ƙasar na da kyau.

Garkuwar iri uku ce. Ta 1 ta bakin shigowar wuta ce, a ginin da ke da sandar kama tsawa a rufi. Ta 2 ta tablon, ta 3 kuma kusa da kayan da ake ji da su. Idan wayar nutral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke ƙarfin wutar layi ya hau ya zauna, wannan wata cutar ce, garkuwa ba ta maganinta.

Tsofaffin gidajen unguwanninmu ne ke ba ni tsoro. An yi musu waya tun zamanin volt 127 da 220, soket mai ƙafa biyu, ba a san wayar ƙasa ba. A 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 da 400 a hankali, mutane kuma sun cika ɗakuna da mukayyif mai allon kwamfuta, amma abin da ke cikin bango bai canja ba.

Na samu mai gidan da la'asar. Na ce, "Alhaji, kuɗinku ba su tafi a banza ba, aikin ne ba a ƙarasa ba." Na nuna masa wayar da idonsa, bai yi gardama ba. Ƙasar Makka dutse ce busasshiya, sai da muka kafa sandar tagulla biyu muka haɗa su kafin na'urar awo ta ba ni abin da na yarda da shi. Na matso da garkuwar jikin babban gati'i, na yanke wayoyin suka dawo ƙasa da rabin mita.

Kafin in tafi na ɗaga murfin tablon na nuna wa Gwaggo 'yar tagar da ke fuskar garkuwar. "In kore ce lafiya lau. Ran da kuka ga ja, ta gama aikinta, ku kira ni in canja." Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce za ta riƙa dubawa duk Juma'a kafin ta fita masallaci.