Abin da ɗaliba ta ciro daga aljihun Baba

Ɗaliban likitanci kan iso wurinmu, mu likitocin iyali, bayan sun gama zagayen ɗakunan kwanciya da ƙwararrun tiyata da na zuciya. Kansu cike yake da cututtukan da ba a cika gani ba, kuma a ransu sashen marasa lafiya na waje wurin mura ne da zazzaɓi. Shi ya sa nake fara musu da lissafin wani likita mai bincike, Kerr White, na 1961, wanda aka haɗa daga Amurka da Ingila: cikin manya 1000, a wata guda kimanin 750 za su ji ba daɗi, 250 su ga likita, 9 a kwantar da su, mutum 1 ne kacal ake turawa asibitin jami'a. Wannan mutum ɗayan suka yi shekaru suna karanta. Sauran suna kan benci a ƙofar ofishina.

Sharaɗina biyu ne. Ɗalibi zai faɗi abin da yake zato kafin in buɗe baki, kuma ba zai katse mara lafiya ba. Wani bincike na 1984 ya gano likita kan katse mai magana cikin daƙiƙa 18. Ɗalibanmu ma ba sa kai haka.

Wani dattijo ya zo da hawan jinin da ya ƙi sauka. Katinsa ya nuna an fara masa da maganin hawan jini amlodifin, daga baya aka ƙara wani, lisinofril, kuma kowa ya san abin da ke biye: maganin sa fitsari. Na haɗa shi da wata ɗaliba mai shiru-shiru. Ta daɗe. Layi ya yi tsawo, nas na ta leƙowa, mutane sun fara guna-guni, ni ma raina ya soma sosuwa. Da ta fito sai ta ce, "Malam, Baba ba ya shan maganin sai ranar da kansa ke ciwo. Amma kullum yana shan wannan saboda gwiwa." Ta miƙo min ƙwayar diklofenak ta kemis, maganin rage ciwo. Cewa kawai ta yi, "Baba, don Allah nuna min duk abin da kake sha," shi kuwa ya zazzage aljihu.

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Diklofenak na ɗaga jini, kuma in ya haɗu da lisinofril da maganin sa fitsari a jikin tsoho, ƙoda na iya tafiya. Katin ya bi ta hannu da yawa, duk na ƙwararru, ba wanda ya tambayi aljihun. Yarinyar da ba ta ma gama makaranta ba ita ta tambaya, don an bar ta ta zauna. Wallahi na yi alfahari da ita.

Takaicina shi ne 'yan makonnin da ake ba mu ba sa isa, kuma da wuya jarrabawa ta ba da maki a kan irin wannan tambaya. Ɗalibi kuwa abin da ake ba maki yake bi.

Ɗan'uwa likita, in an turo maka ɗalibai, kada ka jera su a bango suna kallonka kana rubutu. Ka nemi izinin mara lafiya, musamman mata, ka ba ɗalibi kujerar, kai ka koma gefe. Ka gaya wa nas tun da safe cewa yau layi zai yi jinkiri, ka zaɓi mutum biyu ko uku don koyarwa, sauran ka gan su da kanka. Kuma duk mai hawan jini ko ciwon suga da aka ce magani ya ƙi yi masa, ka sa ɗalibin ya ga ƙwayoyin da idonsa, har da na gargajiya, kafin a rubuta sabo.