Rawa a Kan Yashi a Toubab Dialaw

Da hantsi muka baro Dakar, muka sha cunkoson Rufisque da Bargny, sai gab da azahar muka isa Toubab Dialaw, ƙauyen masunta mai nisan kusan kilomita 50 kudu da birnin. Abin da ya kai ni shi ne École des Sables, makarantar rawar da gwanar rawa Germaine Acogny da mijinta Helmut Vogt suka kafa a 1998. Ma'anar sunan ita ce makarantar yashi, kuma ya dace da ita: ɗaya daga cikin zaurukan atisayensu, Kër Aloopho, rumfa ce babu bango, ƙasanta yashi, iskar teku na shiga tana fita.

Na tuɓe takalmi na raɓe kusa da makaɗa. Ɗaliban daga ƙasashen Afirka dabam-dabam suke, kowa da rawar garinsu a jikinsa, kuma ba a ce wa kowa ya ajiye tasa a bakin ƙofa. Acogny, wadda ta shugabanci makarantar rawa ta Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, ta ɗora salonta a kan motsin ƙashin baya. Wasu motsin ma sunan itatuwa ta sa musu, har da kuka da rimi, abin da ya sa na ji kamar ina gida.

Wata yarinya ta fito tsakiyar fage. Tana cikin juyi ƙafarta ta nutse, ta zube a kan gwiwa. Gabana ya faɗi, don ni malama ce, na san dariyar da ke biyo bayan irin wannan. Shiru. Makaɗin bai tsaya ba, sassauta hannu kawai ya yi. Malamar da ke koyar da su ta ce mata ta sake faɗuwar, amma wannan karon da gangan. Ta sake, ta sake, tana ɗebo yashi da tafin hannu tana miƙewa a hankali, yana zuba ta tsakanin yatsunta. Kafin la'asar mutum biyar na bin bayanta, ita ce ke gyara musu.

Ina zaune a wurin wata ɗalibata ta faɗo mini a rai. Ta iya taka koroso, ranar bikin al'adu ta yi tuntuɓe aka kwashe da dariya, ban kuwa tsawata ba. Tun daga ranar ba ta sake fitowa fage ba. Tana aji biyar yanzu, kuma ranar Litinin ajinsu zan fara shiga.