Kafin a ɗora wa kamfanin sadarwa laifi

Jiya da yamma na leƙa shagon ƙanina na tarar ya yi tagumi. Mutane sun yi layi suna jira a tura musu takardun neman aiki, kwamfuta kuma ta ƙi hawa intanet. Ya ce, "Yaya, yau ma netwok ne." Na ce ya duba wayarsa a kan Wi-Fi ɗin shagon. Tana hawa lafiya lau. To, matsalar a cikin gida take.

Na buɗe Command Prompt, wato wajen rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta ipconfig don in ga adireshinta, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok, sai ga adireshi ya fara da 169.254. Duk inda ka ga wannan, kwamfuta ce ta ba kanta lamba saboda ba ta samu daga rauta ba, wato na'urar da ke raba intanet a shagon. Muka bi kebul ɗin har bayan tebur. Ɗan kunnen robar da ke riƙe kansa ya karye, ya ɗan zame, bai zauna daram a raminsa ba. Da muka sauya shi, adireshi ya koma mai farawa da 192.168, irin wanda rauta ke bayarwa, ping zuwa 8.8.8.8, wato gwajin ko kwamfuta na isa intanet, ya amsa nan take.

Wallahi na tausaya wa masu layin, wasunsu ranar ce wa'adinsu na ƙarshe. Na ce ya riƙa ajiye kebul na biyu a durowa.