Layi uku da na yarda aka goge a takardar manhajar korona

Gobe zan miƙa katin ofis da laftof, shikenan na gama da wurin nan. Waɗanda muka yi aikin manhajar bin sawun masu korona tare sun san ɗakin nan na ƙarshen baranda mai farin allo, inda kullum da safe ake rubuta adadin waɗanda suka sauke manhajar kamar sakamakon ƙwallo. Ba zan tsaya lissafa ayyukan da na yi ba, kun san su. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya tun 2020, gara in faɗe shi kafin in fita.

Manhajarmu a kan tsarin Apple da Google aka gina ta, wanda suka sanar ranar 10 ga Afrilu 2020 suka sake shi a watan Mayu. Kuma gaskiya tsarin bai da laifi. A lokacin, wayarka tana watsa wasu lambobi ta Bluetooth, lambobin suna canjawa duk bayan minti 10 zuwa 20, wayar wanda ke kusa da kai ta ajiye su na kwana 14, ba suna ba lambar waya ba inda kuka haɗu. In gwaji ya nuna kana ɗauke da cutar, kai da kanka za ka yarda a tura lambobinka, sai wayoyin da suka daɗe kusa da taka, misali minti 15 a tazarar mita 2, su gargaɗi masu su. Ni aikina in mayar da wannan bayanin maganar da kowa zai gane.

To a wani mitin, ɗaya daga cikin injiniyoyinmu, yaro ne mai shiru-shiru, yace akwai matsala a wayoyin Android da ba su kai Android 11 ba, wai sai an kunna lokeshan kafin wayar ta yarda ta nemi sauran wayoyi ta Bluetooth, duk da manhajar ita kanta ba ta karɓar GPS ko kaɗan, haka Google suka tsara wayoyin tun da daɗewa. Na rubuta wannan a takardar tambaya da amsa, layi uku, na yi bayani dalla-dalla. Oga ya karanta a tsaye, ko zama bai yi ba, yace, "Malama, wannan surutun injiniyoyi ne, rikita mutane zai yi. Ki sa kawai manhajar ba ruwanta da lokeshan." Nace yallabai ai wayar za ta nuna musu saƙon. Yace waye yake karanta saƙo, kowa danna OK yake yi ya wuce. Kuma na goge. Wannan ne laifina, ba wanda ya riƙe min hannu, na ga mun makara, madaba'a na jira, kuma kwantiragina saura wata biyu a sabunta.

Sati biyu da fitar takardar aka tura ni zama da wakilan direbobi da masu gadi da masu shara, mutanen da kulle bai taɓa zaunar da su a gida ba. Na yi bayani har ina jin daɗin kaina, na ɗaga takardar nace ku duba nan, ba ta san inda kake ba, ba ta tambaya ma. Wani dattijo a layin gaba ya zare takunkuminsa zuwa haɓa, ya ciro wayarsa, gilashin ya tsage daga kusurwa an liƙe da salatif, yace bari ya sauke a gabana tun da na ce haka. Muka jira, netwok na ja, kowa ya yi shiru. Da ta buɗe sai ga saƙo ɓaro-ɓaro wai a kunna lokeshan. Bai yi faɗa ba wallahi, da ma faɗan ya yi. Ya miƙo min wayar yace, "'Yata, karanta min nan, ko idona ne." Na karanta. Yace, "To tsakanin ke da wayar wa zan gaskata?" Na fara baba ai abin da ya faru shi ne Android, ai Bluetooth, ai Google, ni kaina ina jin muryata kamar ta wanda aka kama da kaya a hannu. Duk abin da nake faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar da ta zo bayan an kama ka wa zai saya. Ya karɓi wayarsa ya danne alamar manhajar har ta fara rawa, ya goge ta, ya mayar aljihu.

Kafin dare hoton takardarmu da hoton saƙon suna yawo a WhatsApp gefe da gefe, an zagaye layin nawa da jan alƙalami.

Ran Litinin oga ya shigo mitin da hoton a wayarsa, ya ajiye a tebur yace yana so ya san yadda aka yi sashen wayar da kai ya fitar da bayanin da bai tantance da injiniyoyi ba. A gaban kowa. Na kalli yaron nan injiniya, shi kuma ya kafe laftof ɗinsa da ido kamar yau ya fara ganinta. Umarnin da baki aka ba ni, ba imel ba takarda, to me zan nuna. A rahoton wata aka rubuta kuskuren sadarwa, aka ɗauke ni daga fita fili aka mayar da ni amsa saƙonnin ƙorafi, wanda a ganinsu horo ne, ni kuwa a nan na fi koyon komai.

Don a saƙonnin nan na gane mutanen da oga ke kira jahilai a kowane mitin sun fi mu lissafi. Tambayarsu ɗaya ce, wa zai ga bayanan, kuma in an gama annoba ina za a kai su. Kuma duniya ta yi ta ba su gaskiya. A Nowe, hukumar kare bayanai ta taka wa manhajarsu Smittestopp birki a Yuni 2020 saboda tana kwasar bayanan wurin da mutum yake fiye da kima, dole aka dakatar da ita aka goge abin da ta tara. Singafo, da ta riga kusan kowa da manhajarta TraceTogether tun Maris 2020, ta yi wa jama'a alkawarin bin sawun cuta kawai za a yi da bayanan, sai a Janairu 2021 minista ya faɗa a majalisa cewa 'yan sanda na iya karɓar su don binciken laifi, sai da aka yi sabuwar doka a Fabrairu aka taƙaita abin ga manyan laifuka iri 7. Ranar da labarin ya fito saƙonni sun fi ƙarfina, kowa na turo min shi yana cewa kun gani ko. Tsarinmu ba irin nasu ba ne, namu bayanan a wayar mutum suke zama, amma da wane baki zan faɗa, ni mai takardar jan alƙalami.

Sai farin allon nan. Adadin saukewa kawai oga ke kallo don shi ake kaiwa sama. Wanda ya sauke ya kashe Bluetooth don batir, an ƙirga shi. Wanda ya goge washegari, an ƙirga shi. Wanda gwaji ya kama shi ya ƙi tura lambobinsa, shi ma yana kan allo. Faransa ta ga irin wannan, manhajarsu StopCovid ta fito 2 ga Yuni 2020, mutane kusan miliyan 2 suka sauke, amma bayan sati uku gargaɗi 14 kacal ta aika, har firaministansu Jean Castex ya amsa a talabijin cewa shi ma bai sauke ba. Mu kuma muka ƙara da namu, muka yi ta yayata wai sai kashi 60 cikin 100 sun sauke kafin ta yi amfani, alhali masu binciken jami'ar Oxford da aka ɗauko adadin daga wurinsu sun ce ko ƙasa da haka tana rage yaɗuwa. Mutum ya duba ya ga ba za a taɓa kaiwa 60 ba, yace to me zai sa in ɓata data.

Kar a ce na ce abin banza ne. Ingila ta watsar da manhajarta ta farko bayan gwaji a tsibirin Wight, ta fitar da sabuwa a kan tsarin Apple da Google ranar 24 ga Satumba 2020, kuma binciken da mujallar Nature ta buga a 2021 ya ƙiyasta ta hana dubban ɗaruruwan kamuwa cikin wata uku. In an riƙe ta tana aiki. Amma can ma a Yuli 2021, da gargaɗin killace kai ya haura 600,000 a sati guda, mutane suka fara gogewa.

Sauran darussan gajeru ne. Duk wanda kwana 14 a gida ke nufin ba albashi, ba zai so wayar da za ta ce masa ya zauna ba, ko ka yi masa wa'azi har gobe. Tsofaffi da suka fi shiga haɗari su ne masu tsofaffin wayoyi, masu iPhone 6 sai Disamba 2020 tsarin ya iso gare su, Singafo kam 'yar ƙaramar na'ura ta raba wa marasa babbar waya. Gwada komai a wayar da ta tsage, ba a sabuwar wayar ofis ba. Kuma ku sabbin shiga, in babba yace ku goge abu, ku koma tebur ku tura masa imel, yallabai kamar yadda ka umarta na cire kaza, ku ajiye kwafi.

Oga dai an ƙara masa girma tuni, jiya a ɗan taron sallama ya ce mun sha gwagwarmaya tare mun koyi darasi tare, nace na gode yallabai. Da daddare sai ga saƙo daga yaron nan injiniya, hoton littafinsa na mitin ɗin farko, da rubutun hannunsa da kwanan wata, an rubuta oga ya ce a cire maganar lokeshan. A ƙasa ya sa, "Anti ki yi haƙuri, lokacin ina tsoron aikina ne." Na karanta sau uku, har yanzu ban ba shi amsa ba.