Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mai Lamba Takwas

Salam jama'a, ku yi haƙuri da shirun makon jiya, aiki ne ya sha min kai. Mun tsaya inda na fara tuƙa tasi a Bronx ta birnin New York ko? To yau zan ɗan ratse.

Ni fa farkon zuwana Amurka wallahi besbol haushi yake ba ni, a zauna awa uku ana jifa ana jira, wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa ina zai iya. Sai Allah ya haɗa ni da wani tsoho ɗan asalin Italiya a ƙasan benenmu, ni nake kai shi asibiti saboda ciwon gwiwa, Baba nake ce masa shi kuma dariya abin yake ba shi. Shi ya ce min yaro daina kallon mai jifa da mai sanda, kalli wancan na tsugunne a baya da ƙarfe a fuska, shi ne mai cafe ƙwallo kuma shi ke juya wasan, da yatsu yake yi wa mai jifa ishara tsakanin cinyoyinsa kan irin jifan da zai sako, ya sha duka a yatsu da ƙirji, haka zai ta tsugunno yana miƙewa har a tashi.

Gwaninsa Yogi Berra ne, mai cafe ƙwallo na ƙungiyar Yankees ta New York, mai lamba 8, shi ma iyayensa daga Italiya suka zo. Kofin World Series, wato babban kofin besbol na Amurka, sau 10 ya ci yana wasa, har yau ba ɗan wasan da ya kamo shi. Baba yana da wani tsohon hoto a jikin firij, na 1956, ranar da Don Larsen, mai jifan Yankees, ya fitar da masu sanda 27 a jere ba wanda ya tsira, Berra ya ruga da gudu ya ɗale shi kamar yaro ya ga babansa ya dawo daga kasuwa. Na ji labarin hoton nan ya fi sau ashirin, har da na zuwan Berra yaƙin duniya na biyu a Normandy ta Faransa yana ɗan shekara 19.

Ranar 22 ga Satumba 2015 Berra ya rasu yana da shekara 90, saura kwana biyu babbar sallah, ni hankalina yana kan ragon layya. Washegari da safe Baba ya buga min ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya sa hularsa ta Yankees da ta koɗe, ya ce kai ni filin wasa. Muka je titi na 161 inda filin Yankees yake, mutane sun fara ajiye furanni a bakin ƙofa. Gwiwa ta hana shi sauka, gilas kawai ya sauke, ya cire hular ya riƙe a cinya, mun fi minti goma ba wanda ya ce uffan, na baya suna ta danna min hon ni ko a jikina. Da ya miƙo kuɗi na ce haba Baba.

Ran sallah na kai masa soyayyen nama, na tarar yana kallon wasa, 'yan Yankees duk sun liƙa 8 a hannun riga. Ya ci yanka biyu ya ce yaji ya yi yawa.

Mako mai zuwa in sha Allah zan ba ku yadda muka kwashe da mai gidan haya a kan hita.